Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Aikin Ofisoshin Kasuwanci na Gwamnati a Ƙetare

Tun kafin a shata iyakokin ƙasashen da muke ciki yau, fataken da ke ɗaukar kanwa da fata da tufafin Kano zuwa Gwanja su komo da goro sun san cewa isa gari daban, sayar da kaya daban. Bafatake yakan sauka a garin Salaga na Gwanja bai san wa ke biyan bashi ba, bai san wa ke cin amana ba, bai san yadda goro ya kwana a kasuwa ba, wani lokaci ma ba ya jin harshen mutanen garin. Shi ya sa yake sauka a gidan fatoma. Fatoma zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali da mai saye, ya tsaya masa shaida, in rigima ta tashi ya shiga tsakani. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar cinikin shanu a can kan bashi yake tafiya, kuma masu gida ne ke lamunce wa baƙin da suka kawo shanu cewa mahauta za su biya. Wannan buƙata ba ta gushe ba har gobe. Ita ce ta sa gwamnatoci da yawa ke buɗe ofisoshi a manyan biranen duniya domin tallata kayan ƙasarsu da jawo masu zuba jari. Ra'ayina a nan shi ne, irin wannan ofis fatoman ƙasa ne, kuma amfaninsa ya fi yawa a kunnensa bisa ga bakinsa: abin da ya jiyo a baƙuwar kasuwa ya aiko gida, da abin da gida ya yi da labarin, su ne ke nuna ko kuɗin da aka kashe masa ya biya.

Koriya ta Kudu ce misalin da ya fi fito da wannan magana fili. A shekarar 1962, lokacin da gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar KOTRA domin bunƙasa cinikin waje, duk abin da Koriya ta fitar a shekara bai wuce na dala miliyan 55 ba, kuma akasarinsa ɗanyen kaya ne: tama da sauran ma'adinai, gawayin kwal, ɗanyen alharini, kifi da kayan teku. Shekara tara kacal ke nan da tsayawar yaƙin da ya ragargaza ƙasar, ba ta da man fetur, kuma tallafin Amurka da take dogaro da shi ya fara ja da baya. Masu ƙananan masana'antunta ba sa jin Ingilishi, ba su taɓa ganin kantunan da suke fatan sayar wa kaya ba, ba su kuma da kuɗin jirgin da za su je su gani. A wannan hali ne hukumar ta fara buɗe ofisoshi a wurare irin su New York da Los Angeles da Hong Kong da Bangkok. Yau tana da ofisoshi sama da 120 a ƙasashe fiye da 80, har da guda a Legas, kamar yadda takwararta ta Japan, JETRO, wadda aka kafa a 1958, take da nata a can.

Aikin da ake yi a irin waɗannan ofisoshi ba shi da armashin da mutum zai zata. Ma'aikaci yakan wuni yana tattara sunayen kamfanonin da ke shigo da kaya, yana bin diddigin wanda ke biya a kan lokaci da wanda ya saba cinye kuɗin mutane. Yakan shiga kanti ya sayi rigar da ke tashe, ya aika da ita gida a matsayin samfur domin maɗinka su ga irin ɗinki da launi da girman da ake so. Yakan karanta dokokin kwastan da ƙa'idojin inganci na ƙasar da yake zaune, ya mayar da su harshen gida. Idan lokacin baje koli ya zo, shi ke kama rumfa, ya haɗa masu masana'anta da masu saye, ya samo tafinta, ya tsara wa zai ga wa da ƙarfe nawa. Bayan baƙi sun koma gida, shi ke ci gaba da buga waya don kada maganar da aka fara ta mutu. KOTRA ma tana da wani tsari da ƙaramin kamfani zai biya kuɗi kaɗan, ofishin hukumar ya zama tamkar reshensa a waccan ƙasa na tsawon shekara. Dalilin da ya sa gwamnati ke ɗaukar wannan nauyi a fili yake. Babban kamfani irin Samsung yana iya buɗe nasa reshe a duk inda ya ga dama. Mai masana'antar ma'aikata 30 ba zai iya ba, kuma in ya kashe kuɗinsa ya gano wata kasuwa, maƙwabtansa za su bi sawunsa kyauta. Don haka kowa sai ya jira wani ya fara, hanya ta zauna ba a share ba. Labarin kasuwa kamar rijiyar gari yake, ya fi dacewa a haƙa shi da kuɗin kowa.

Sai dai abin da ya bambanta Koriya da ƙasashe da dama da suka kwaikwayi tsarinta shi ne inda labarin ke zuwa bayan ya iso gida. Daga 1965 shugaban ƙasar, Park Chung-hee, ya riƙa jagorantar wani taro kusan kowane wata a kan fitar da kaya, wanda ministoci da shugabannin bankuna da manyan 'yan kasuwa ke halarta. A nan ake duba abin da aka sayar a kowace kasuwa, a ji koken masu saye, a tambayi ma'aikatar da ta jawo jinkiri. Gwamnati ta karya darajar kuɗin ƙasar a 1964 domin kayanta su yi araha a waje, ta ba masu fitar da kaya rance mai sauƙin ruwa, ta kuma yafe musu harajin kayan aikin da suke shigowa da su. Saboda haka idan dama ta samu, akwai masu iya cafke ta. A ƙarshen 1965 Amurka ta hana shigar da gashin kanti da aka yi da gashin da ya fito daga ƙasar Sin, abin da ya durƙusar da masu wannan sana'a a Hong Kong da Japan na ɗan lokaci. Masana'antun Koriya suka cike gurbin, har ta kai a 1970 gashin kanti ya zama na uku cikin kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan tufafi da katako. Abin da take fitarwa a shekara ya kai dala miliyan 100 a 1964, biliyan 1 a 1971, biliyan 10 a 1977, biliyan 100 a 1995, yanzu kuma ya haura biliyan 600. Ba ofisoshin ƙetare ne suka saƙa tufafin ko suka ƙera jiragen ruwan ba. Su dai ido da kunne ne, aka yi sa'a akwai hannuwa da ƙwaƙwalwa a gida.

Ɗaya gefen aikin, wato jawo masu zuba jari, ya fi wannan wuya, domin wanda ya sayi kwantena ɗaya ta kaya yana iya fasawa baɗi, amma wanda ya gina masana'anta ya binne dukiyarsa a ƙasar wasu na shekaru masu yawa. A nan ƙasar Ailan ce abar duba, ƙaramar ƙasa mai mutane kimanin miliyan 5 wadda ta daɗe tana asarar matasanta zuwa Ingila da Amurka saboda rashin aikin yi. Hukumarta mai suna IDA, wadda aka kafa a 1949, ta buɗe ofisoshi a biranen da kamfanonin da take hari suke, ma'aikatanta kuma sukan shafe shekaru suna ziyartar kamfani ɗaya kafin a kai ga maganar gini. Ta haka Apple ya buɗe masana'anta a birnin Cork a 1980. Da Intel ya zo neman wurin da zai kafa masana'anta a Turai a ƙarshen shekarun 1980, babbar damuwarsa ita ce ko Ailan tana da isassun injiniyoyi masu ƙwarewa a harkar. Hukumar ba ta tsaya ba da baki ba. Ta sa aka nemo ɗaruruwan injiniyoyi 'yan ƙasar da ke aiki a waje, aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko za su komo gida in aka sami aiki, mafi yawansu suka ce za su komo, aka miƙa wa kamfanin sakamakon. A 1989 Intel ya zaɓi garin Leixlip kusa da Dublin, kuma yana nan har yanzu. Wanda ke zaune kusa da mai saye ne kaɗai zai iya sanin ainihin abin da ke hana shi barci, ya nemo masa amsa kafin wata ƙasa ta riga shi.

Amma ko a nan, ofishin waje alkawari kawai yake ɗauka, gida ne ke cikawa. Ailan ta mayar da karatun sakandare kyauta tun 1967, ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1973, ta kuma riƙe haraji mai sauƙi da ba ya canzawa da canjin gwamnati. Waɗannan ne kayan da ma'aikacin IDA ke ɗauke da su a jakarsa. Koriya ma ta koyi wannan darasi da zafi. An ƙara wa KOTRA aikin jawo jari a 1995, amma sai da rikicin kuɗi na 1997 ya tilasta wa ƙasar neman ceto daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya sannan ta buɗe ƙofa sosai. A 1999 ta kafa ofishin da ke karɓar koken kamfanonin waje da suka riga suka shigo, yana bin ma'aikatu don a warware musu matsala. Hikimar hakan ita ce, baƙon da ya ji daɗin masauki shi ke kawo wani baƙon, wanda kuma aka wulaƙanta zai ba da labari a inda babu mai kare ka. Jari mai yawa yana zuwa ne daga kamfanonin da suke ƙasar tun da, suka yanke shawarar faɗaɗa aikinsu.

Mai karatu na iya cewa ƙasa biyu da suka yi nasara ba hujja ba ce, domin wataƙila da ofis ko babu ofis za su ci gaba. Wannan tambaya ce mai kyau, masana tattalin arziki kuma sun bi ta. Andrew Rose, a wani nazari da aka buga a 2007, ya gano cewa duk ƙarin ƙaramin ofishin jakadanci guda da ƙasa ta buɗe a wata ƙasa yana tafiya da ƙaruwar kayan da take sayarwa can da kashi 6 zuwa 10 cikin 100, ko bayan an cire tasirin nisa da girman tattalin arziki. Wasu masana uku, Lederman da Olarreaga da Payton, sun duba hukumomin bunƙasa fitar da kaya a ƙasashe sama da 100, suka tarar suna da amfani, amma amfanin yana raguwa idan kasafinsu ya yi girma fiye da ƙima. Torfinn Harding da Beata Javorcik kuma, a 2011, sun nuna cewa tallar jawo jari tana aiki a ƙasashe masu tasowa, inda baƙo ke shan wahalar samun sahihin bayani da ratsa ofisoshin gwamnati, amma ba ta da wani tasiri a ƙasashe masu arzikin masana'antu. Wannan ya yi daidai da abin da fataken zamanin da suka sani: inda hanya ta fi duhu, nan ɗan jagora ya fi daraja. Gaskiya ne kuma a farkon shekarun 1990 wasu masana da suka yi wa Bankin Duniya bincike sun yanke hukuncin cewa yawancin irin waɗannan hukumomi a ƙasashe masu tasowa sun gaza. Dalilan da suka kawo su ne ƙarancin kuɗin aiki, ma'aikatan da ba su san kasuwanci ba, da manufofin gwamnati da ke hukunta mai fitar da kaya. Duk waɗannan cututtukan gida ne.

Suka ta biyu ita ce zamani ya wuce wurin. Tun da akwai intanet, mai riɗi a Maigatari yana iya samun lambar mai saye a Osaka cikin minti biyar, to me ya rage wa ofis? Abin da intanet ta sauƙaƙa shi ne samun suna da adireshi, amma ta ƙara wa amana tsada, domin maƙaryaci ma yana da shafi mai kyau da hotuna. Kamfanin da zai tura dubban daloli ga mutumin da bai taɓa gani ba, ko manomin da zai ɗora kwantena a jirgi kafin a biya shi, kowannensu yana buƙatar wani na uku da zai ce na san wannan, na je ma'ajiyarsa, na ga takardunsa. 'Yan kasuwar Najeriya sun fi kowa sanin nauyin wannan, domin laifin 'yan damfara kaɗan ya sa ana yi wa masu gaskiya da yawa kallon zargi. Gani ya kori ji, kuma ofis mai ƙofa da ma'aikacin da za a iya zuwa a same shi yana ba da wani lamuni da saƙon waya ba ya bayarwa.

Suka ta uku ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi. Hayar ofis a London ko Tokyo da albashin ma'aikata da kuɗin makarantar 'ya'yansu duk da kuɗin waje ake biya, kuma ƙasa tana da ofisoshin jakadanci a can tun da farko. A kan irin wannan hujja gwamnatin Shugaba López Obrador ta rufe hukumar ProMéxico a 2019 tare da ofisoshinta sama da 40, ta mayar da aikin ga jakadun Meziko. Ban ga laifin ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ta ajiye jami'in kasuwancinta a cikin ginin jakadanci ba, hakan ma ya fi araha kuma yana ba shi kwarjini. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɗauka kowane jami'in diflomasiyya ɗan kasuwa ne. Wanda aka horar a kan yarjejeniyoyi da biza, ake kuma sauya masa ƙasa bayan 'yan shekaru, ba lalle ne ya san bambancin riɗi fari da ja ba, balle yawan man da mai saye ke nema a cikinsa. Babban haɗarin kuma shi ne kujerar ta zama ladan siyasa, a tura ɗan wani ya huta. Maganin wannan awo ne: a san kamfanoni nawa ofishin ya taimaka, cinikin nawa aka ƙulla, jarin nawa ya sauka ƙasa da gaske ba a takardar yarjejeniya kawai ba, ofishin da ya kasa kuma a rufe shi.

Akwai kuma tambayar wa ke cin ribar. Jarin da aka jawo da rangwamen haraji yana iya tashi ranar da wani ya fi ka rangwame. Kamfanin Dell ya kwashe aikin haɗa kwamfuta daga Limerick zuwa ƙasar Polan a 2009, mutum 1,900 suka rasa aiki. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta ce Ailan ta yi wa Apple sassaucin da ya saɓa doka, ta umarci a karɓo yuro biliyan 13, babbar kotun tarayyar kuma ta tabbatar da hakan a 2024. Bunƙasar Koriya ma an biya ta da gumin ma'aikatan da aka danne wa haƙƙi a ƙarƙashin mulkin kama-karya, har wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a Seoul a 1970 don nuna halin da maɗinka ke ciki. Bai kamata a ɓoye waɗannan ba. Abin da suke koyarwa shi ne a kula da irin kayan da ake ɗora wa fatoma ya tallata. Ƙasar da abin tallarta arahar ɗan Adam ne da yafe haraji za ta sami baƙon da ke tare da ita muddin araha na nan. Wadda ke tallar ƙwararrun ma'aikata da wutar lantarki da kotun da ke yanke hukunci da adalci za ta sami wanda zai yi saiwa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Najeriya tana da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, tun 1976, da hukumar jawo jari, NIPC, tun 1995. Arewa kuma tana da abin sayarwa: riɗin Jigawa da ke zuwa Japan, zoɓorodon da ke zuwa Meziko, cittar kudancin Kaduna, fatar Kano da ake ɗinka takalma da jakunkuna da ita a Italiya, ga kasuwar Dawanau da kayan abinci ke fita daga cikinta zuwa ƙasashe maƙwabta. A Nijar albasar Galmi ta daɗe da sanin hanyar Accra da Abidjan. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar sinadarin dichlorvos a cikinsa, wato irin wanda ke cikin fiya-fiya, fiye da abin da dokarsu ta yarda, a 2016 kuma aka tsawaita haramcin. Hukuncin bai zo kwatsam ba, ya biyo bayan kaya da dama da aka riƙa tarewa a tashoshinsu. Aikin kunnen da ke waje ke nan: ya ji gargaɗi tun yana raɗa, ya isar da shi ga ma'aikatar gona da hukumar duba abinci da shugabannin kasuwa, har ya kai ga mai ajiye wake a sito, a nuna masa buhunan da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Babu rumfar baje koli da za ta sayar da waken da aka hana shi shiga.

Don haka ƙasar da ke son bin wannan hanya ba ta buƙatar ofis 100. Tana buƙatar kaɗan, a wuraren da masu sayen kayanta suke, kuma wasu daga cikin wuraren nan a maƙwabta suke, musamman tun da aka fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a 2021. Tana buƙatar ta tura mutanen da suka san kaya, suka san harshe, ta bar su su daɗe har a san su. Sama da komai tana buƙatar wani zama a gida inda ake karanta abin da suka aiko, mai iko ya tambayi dalilin da ya sa kwantena ke yin makonni a tashar Apapa, ko ya sa babu ɗakin gwajin da mai saye ya yarda da takardarsa, a kuma dawo wata mai zuwa a ji abin da aka yi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Fatoman Salaga yana iya nemo mai saye ya rantse masa cewa kanwar nan mai kyau ce, amma ranar da aka kwance kaya, abin da bafatake ya ɗauro daga gida shi ne zai yi magana, kuma shi ne zai sa a neme shi baɗi.